Kanta a ƙaramin yatsa ta hana ni tsayuwa: da gaske tana da saiwa?

Ɗan Gadi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema don Allah. Wata bakwai ke nan wani abu mai tauri ya fito min a saman ƙaramin yatsan ƙafar dama. Girmansa bai kai ƙwayar wake ba, amma da na sa takalmin but sai in ji kamar an kafa min ƙusa. Gadi nake yi a wani kamfani, tsayuwar awa 12, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Sau uku mai yankan farce yana fere min shi da aska, in samu sauƙi na sati biyu ko uku, sai ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. A na ƙarshen nan ya ce min wai saiwa gare shi har cikin ƙashi, sai dai in je wanzami ya tono ta. Ni kuwa gaskiya tsoro nake ji. Wanda ya taɓa fama da irin wannan ya taimaka min.

Maman Ihsan:
Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ba ka lafiya. Kanta ce wannan. Abu ƙarami amma sai ya sa babban mutum ɗingishi.

Baban Walid:
Malam, kafin a yi nisa, lamba nawa kake sawa a takalmi, kuma but ɗin lamba nawa ne?

Ɗan Gadi:
44 nake sawa. Amma 43 aka ba ni, suka ce shi kaɗai ya rage a sito, wai in ya sha tafiya zai buɗe.

Baban Walid:
To ai ga saiwar nan ka faɗa da bakinka. Ba a ƙashinka take ba, a sito aka ba ka ita. Wata bakwai kana barin jaki kana dukan taiki.

Jikan Wanzamai:
Baban Walid, ka yi min uzuri amma ban yarda ba. Ni a gidan aska na tashi. Da idona na sha ganin kakana yana cire wa mutane wannan abu, kuma abin da yake fitowa wani farin abu ne mai tsini kamar ƙwayar shinkafa. In ba saiwa ba ce, mene ne? Gani ya kori ji. Mai yankan farce sama yake sharewa ya bar gindin, shi ya sa take tohowa. Ka nemi wanzamin da ya gaji sana'ar, ba na bakin tasha ba.

Anti Nas:
Jikan Wanzamai, abin da ka gani gaskiya ne, sunan da ka ba shi ne ba daidai ba. Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Fatar mutum in ana yawan matsa ta ko goga ta a wuri ɗaya, sai ta kare kanta ta hanyar yin kauri. Abin da take tarawa matacciyar fata ce mai sinadarin da ake kira keratin, irin wanda ke cikin farce da gashi. In matsin ya bazu a wuri mai faɗi, kamar tafin hannun manomi ko ƙasan ƙafar mai yawo ba takalmi, sai a samu kanta mai faɗi wadda yawanci ba ta ciwo, har ma amfani take yi. In kuwa matsin ya taru a ɗan ɗigo guda, a kan gaɓar yatsa, ƙashi na turowa daga ciki takalmi na dannawa daga waje, to kaurin ba shi da inda zai je sai ciki. Sai ya dunƙule kamar mazurari, bakinsa a sama, tsininsa yana kallon nama. Wannan tsinin shi ke danna jijiya, shi ya sa ƙanina yake jin kamar ƙusa. Shi ne kuma farin abin da kakanka yake cirewa.

Amma ba shi da rai, ba ya shan jini, bai kai ƙashi ba, kuma ba daga gare shi sabuwar kantar take tohowa ba. Ko an ƙwaƙule shi tas, matuƙar yatsan ya koma cikin but lamba 43, fatar za ta sake gina wani. Fata tana sabuntuwa cikin kusan wata guda, ka ga ya yi daidai da sati ukun da yake samu na hutu.

Jikan Wanzamai:
To Anti, me ya sa waɗanda kakana ya cire wa ba sa dawowa?

Anti Nas:
Wasu sun dawo wurin wani, ba ka gani ba. Wasu kuma bayan an yanka su sai ciwon ya tilasta musu sa silifas wata guda ko biyu, wasu ma su yar da takalmin gaba ɗaya. Sai a yaba wa aska, alhali silifas ne ya yi aikin.

Baban Walid:
Hhhh, silifas bawan Allah, shi da aiki wani da suna.

Ɗalibi a Alƙahira:
Abin sha'awa, a nan Masar “mismarul ƙadam” suke ce mata, wato ƙusar ƙafa. Daidai da yadda mai tambaya ya kwatanta. Akwai kuma wadda suke kira “ainus samaka”, idon kifi, kuma su ma talakawansu suna yawan haɗa biyun su ɗauka abu ɗaya ne.

Maman Ihsan:
Yauwa, wannan ya tuna min. 'Yata ta taɓa yin wani a tafin ƙafa, muka ɗauka kanta ce. Muka yi ta gogawa da dutse, maimakon ya ragu sai ga wasu biyu sun fito kusa da shi. Kuma yarinyar ko takalmi mai matsi ba ta sawa. Anti Nas, wannan fa?

Anti Nas:
Maman Ihsan, da alama ta 'yarki tusar jaki ce ta tafin ƙafa, ita kuwa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ce mata HPV, kuma tana yaɗuwa, shi ya sa gogawar ta ƙara ta. Saboda nauyin jiki yana danne ta sai ta shige ciki ta yi kama da kanta. Ga yadda za ki bambanta. Ki duba da kyau a cikin haske: tusar jaki tana da ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar an barbaɗa barkono, ƙananan jijiyoyin jini ne da suka toshe. Zanen fata, irin wanda ake dangwala wa takarda, yakan kauce mata ya zagaye. Kanta ba ta da ɗigon nan, tsakiyarta kamar ƙaho take ko busasshen kitse. Sannan in kika danna kanta daga sama ta fi ciwo, tusar jaki kuwa sai kin matse ta daga gefe da gefe take sa mutum ƙara. Kuma kanta ba ta fitowa haka siddan, sai inda ake matsi. In kika ga abu a wurin da takalmi ba ya taɓawa, musamman ga yaro, ki yi zargin ɗayar.

Ɗan Gadi:
Na duba yanzu da fitilar waya. Babu baƙin ɗigo, kuma daga sama yake ciwo.

Mai Kemis:
To taka mai sauƙi ce. Ka je kemis ka ce a ba ka filastar kanta. Tana da ɗan zobe mai laushi, a tsakiyarsa akwai magani, sinadarin salisilik kashi 40 cikin 100. Ka wanke ƙafa ka busar, ka manna yadda maganin zai zauna kan kantar daidai, bayan kwana biyu ka canza. Za ka ga wurin ya yi fari ya yi laushi, sai ka goge. Kada ka wuce sati biyu kana yi. Muna sayarwa kullum, mutane suna jin daɗinta.

Anti Nas:
Mai Kemis, tana aiki, ban musa ba. Abin da nake jin haushi shi ne yadda ake miƙa ta ga kowa ba tambaya. Maganin nan bai san kanta ba bai san lafiyayyar fata ba, duk abin da ya taɓa ci yake yi. A kan ƙaramin yatsa, cikin but, da gumin awa 12, filastar zamewa take yi ta koma gefe ta ƙone inda babu laifi. Na wanke irin wannan gyambon ba sau ɗaya ba. Ka taɓa tambayar mai saye ko yana da ciwon suga kafin ka ba shi?

Mai Kemis:
Gaskiya ba kullum ba. Wani ma yaro yake aikowa da kuɗi. Amma a jikin kwalin an rubuta.

Anti Nas:
An rubuta da Turanci, da ƙananan baƙaƙe. Tsohon da ya aiko jikansa yaushe zai karanta?

Yayar Marayu:
Tunda an zo nan bari in yi magana, ko wani ya tsira. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya shekara fiye da goma da ciwon suga. Yana da kanta a ƙasan babban yatsa, kuma al'adarsa duk Juma'a ya zauna a kan tabarma da reza ya fere ta kafin ya tafi masallaci. Wata rana ya zarce ya yanki nama, bai ma sani ba, don ƙafar ta daina ji. Sai ƙanwata ce ta ga jini a tabarma. Ya ce ba komai, ya ɗaure da tsumma. Kwana goma ba a yi ba wurin ya fara wari. Da muka kai shi asibiti likita ya ce ashe tun kafin yankan akwai rami a ƙarƙashin kantar, ita ce ta rufe shi kamar murfi. Yatsu biyu aka cire masa, wata uku muna jinya. Ba ciwon ne ya yi ajalinsa ba, amma bai ƙara tafiya masallaci da ƙafarsa ba. Don Allah duk mai suga ya nisanci reza da filastar nan.

Maman Ihsan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinya ta zama kaffara.

Ɗan Gadi:
Allah ya gafarta masa. Jikina ya yi sanyi. Ni dai ban san ko ina da suga ba, ban taɓa gwadawa ba.

Anti Nas:
Amin. Yayar Marayu ta faɗi abin da ya fi duk bayanina nauyi. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, yana kuma rage gudun jini, sai a ji rauni ba a sani ba, in an ji kuma ya ƙi warkewa. Ga mai suga kanta ba ƙaramin abu ba ce, alama ce cewa wurin yana shan matsi kuma gyambo na iya biyo baya. Shi asibiti zai je a rage masa, kuma kullum ya riƙa duba ƙafarsa har tsakanin yatsu, ko da madubi ne. Haka wanda ƙafarsa take yawan sanyi ko dindiris. Ƙanina, gwajin suga ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, minti biyu. Ka yi kafin ka sa wa ƙafar komai.

Sai maganar askar mai yankan farce da ta wanzami, wadda ba wanda ya taɓo. Aska ɗaya ƙafa nawa take bi a yini? Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai a raye a jikin ƙarfe ko da jinin ya bushe, kuma goge ta da tsumma ko tsoma ta a ruwan kumfa ba ya kashe ta. Ga kuma tetanas, cutar nan mai sandarar da jiki. In dole ne sai an yi maka yankan farce a waje, ka riƙe naka kayan.

Jikan Wanzamai:
A nan kam ba ni da ja. Mu ma yanzu sabuwar reza muke sa wa kowa a gabansa. Amma maganar saiwa ina nan a kan bakana.

Na Bakin Kasuwa:
Ku dai kuna ta dogon Turanci. Ɗiga mata ruwan batir sau ɗaya, ta mutu murus. Ko ka daka tafarnuwa da kanwa ka ɗaure ta kwana.

Shugaban Zaure:
Na Bakin Kasuwa, wannan gargaɗi ne. Ruwan batir a jikin mutum? Kada wanda ya gwada. Ka sake kawo irin wannan zan goge.

Anti Nas:
Tafarnuwar ma ba wasa ba ce. Ɗanyarta in ta kwana a ɗaure a fata tashi take yi kamar ƙunar wuta.

Kawu Na Ƙauye:
Ni dai ina ganin yaro ya haɗa da addu'a. Wurin aiki ne, akwai hassada. Wataƙila wani abu ya taka.

Baban Walid:
Kawu, addu'a kam kullum muna yi. Amma abin da ya taka mun gano shi, lamba 43 ne.

Shumeka Ƙofar Wambai:
Tun ɗazu nake karantawa, bari mai takalmi ya sa baki. Shekarata 19 a kan wannan sana'a. Maganar “zai buɗe in ya sha tafiya” rabin gaskiya ce. Fata ta gaske tana buɗewa a faɗi, kaɗan. A tsawo ba ta ƙaruwa ko da za ka je Legas a ƙasa. In kuwa but ɗin na roba ne da aka yi wa fenti kamar fata, ko mai ƙarfe a baki, to ƙafarka ce za ta ba da kai, ba shi ba. Kawo shi in gani. In fata ce zan jiƙa daidai wurin yatsan in cusa itace ya kwana biyu, zai ɗan ba ka wuri. Amma ban yi maka alkawarin 43 ya zama 44 ba.

In za ka sayi wani, ka zo da yamma, don ƙafa tana ɗan kumbura in ta wuni a tsaye, mai sayen takalmi da sassafe shi ke kuka da la'asar. Ka zo da safar da kake aiki da ita. Ka gwada duka biyun, a tsaye, don yawancin mutane ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, kuma babbar ake saya wa. Tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi a samu kamar faɗin babban yatsan hannunka. Ka iya motsa yatsunka a ciki. Kuma kada lamba ta ruɗe ka, 44 na wani kamfani 43 ne a wani, musamman a gwanjo. Wanda ya yi yawa ma matsala ne, ƙafa tana zamewa a ciki tana gogawa.

Amaryar Bana:
Ni tawa daban ce, ku taimaka. Tsakanin yatsu biyu na ƙarshe take, fara ce, kullum a jiƙe, ciwo kamar me. An ce min cin ruwa ne, na shafa magani wata biyu shiru.

Anti Nas:
Amarya, cin ruwa ƙaiƙayi ya fi yi da saɓar fata da tsagewa. In abin dunƙule yake wuri ɗaya kuma yana ciwo in an matse yatsun, to kanta ce mai laushi. Ƙasusuwan yatsun biyu ne ke gogar juna, gumi kuma ya hana ta bushewa. Faɗa min gaskiya, takalman lefe masu tsinin baki da dogon dunduniya kike sawa?

Amaryar Bana:
Anti kin kama ni. Kusan kullum, wurin aiki.

Anti Nas:
To ki ajiye su sai biki. Dogon dunduniya yana tura nauyinki gaba, tsinin bakin kuma ya tattara yatsun wuri ɗaya. Ki riƙa busar da tsakanin yatsu bayan alwala da wanka, ki sa ɗan soso mai laushi ya raba su. Kada ki sa filastar magani a nan, fatar wurin siririya ce. In sati uku ya wuce ba sauƙi ki je a duba, don wani lokaci ana samun biyun tare.

Alhaji Tsoho:
'Yata, ni kuma baƙin tabo ne mai kauri a idon sawun hagu da bayan ƙafa, ya shekara da shekaru. Ba ya ciwo.

Anti Nas:
Baba, wannan na zaman tahiya ne, inda ƙafar hagu take kwanciya a ƙasa. Ɗan'uwan na goshi ne. In ba ya ciwo ba ya tsagewa, a bar shi. A samu darduma mai kauri, a riƙa shafa man kaɗanya, musamman da hunturu. In kana da suga dai a nuna wa likita.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan a farmasi “kor” suke ce mata da Faransanci. Tsohuwarmu kuwa ba ta san wani magani ba sai ruwan ɗumi da dutsen goge ƙafa da man kaɗe, kuma ƙafarta ta fi tawa laushi.

Anti Nas:
Tsohuwarku ta fi mu gaskiya. Ƙanina Ɗan Gadi, in gwajin suga ya fito lafiya, abin da za ka yi ke nan. Da dare ka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, ka goga dutse a hankali, kaɗan kaɗan, kada ka nemi gamawa a dare ɗaya, in ka ga ja ko ka ji zafi ka tsaya. Ka shafa man kaɗanya ko basilin, in ka samu man shafawa mai sinadarin yuriya ya fi narkar da kauri. Da safe ka yanki ɗan soso kamar zobe, ramin ya zauna kan kantar yadda but zai danna gefe. In ta ƙi, ko ta kumbura, ta yi ja, ta fara ruwa, ka je asibiti. Da wuƙar tiyata mai tsabta ake fere ta a cire tsinin, yawanci ko allurar kashe zafi ba a buƙata tunda matacciyar fata ce. Wanda kuma yatsansa ya lanƙwashe ko ƙashin gindin babban yatsa ya turo waje, kantarsa ba za ta daina dawowa ba sai likitan ƙashi ya duba, a Kano irin su Asibitin Ƙashi na Dala. Amma kai ban ga alamar ka kai can ba.

Ɗan Gadi:
Na gode ƙwarai jama'a. Allah ya saka da alheri. Zan dawo da labari.

Ɗan Gadi:
Assalamu alaikum. Yau sati biyar da maganarmu. Na yi gwajin suga, lafiya lau, alhamdu lillahi. Na kai wa Shumeka but ɗin, yana taɓawa ya ce roba ce, kada in ɓata kuɗina. Na yi wa ogana magana ya ce sai an kawo sababbi, kuma ba a san ranar ba. Sai na haƙura na cire daga albashi na sayi na gwanjo mai faɗin baki, Shumeka ne ya raka ni muka zaɓa da yamma. Ina jiƙawa ina gogawa kamar yadda Anti ta ce. A sati na uku wani ɗan farin abu mai tauri ya fita da kansa a cikin ruwa, ya bar ɗan rami. Yanzu wurin ya kusa shafewa, sai ɗan duhu. Jiya na yi awa 12 ban tuna da yatsan ba.

Jikan Wanzamai:
Ɗan farin abu mai tauri ko? To me na ce muku? Saiwar ce ta fita.

Baban Walid:
Ka mayar masa da 43 na wata guda mu ga ko ba ta sake shuka wata ba.

Ɗan Gadi:
A'a wallahi, ku yi gwajinku da ƙafar wani.

Shumeka Ƙofar Wambai:
Tsohon but ɗin kada ka yar. Ka mayar musu sito su rubuta sun karɓa, kada ranar barin aiki a cire maka kuɗinsa.